Furen Sanyi da Hannun Sista Rifkatu

Ranar taron ƙungiyarmu na ƙarshen shekara, ina sauke tukwanen fure daga bayan mota, na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa ɗan'uwansa da Turanci wai Baba Sale ya more, shekara da shekaru ana ba shi albashi don ya zuba wa ganye ruwa. Kuna tsammanin kunnena ya tsufa. Ban ji haushi ba, don ni ma da wannan tunanin na shiga sana'ar. Amma tunda kuna jin Hausa ko da ba ku mayarwa, na ce bari in rubuta muku da ita, wanda ya kasa karantawa ya kai wa uwarsa. Fure ɗaya zan ba ku labarinsa cikin duk waɗanda na rena, wanda Turawa ke kira saikilamen, mu kuma a gidajenmu na nan muka sa masa furen sanyi. A kansa na koyi aiki, a kansa kuma na yi abin da har yau nake neman gafara.

Na zo ƙasar nan ta Amirka a farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin, ina yi wa wani maigidana tuƙi da gyaran tsakar gida. Da zai koma gida ya taimaka takarduna suka daidaita, ya kai ni da kansa wani gidan renon furanni a bayan garin Beltsville, wajen wata tsohuwar Baturiya da ake kira Misis Greta. Karatuna firamare ne, a nan na tsaya. Amma ni ɗan mai lambu ne, a fadama na tashi kusa da Zariya, tun ina ƙarami nake jan jigo ina kora ruwa cikin fangalin albasa. Don haka na shiga gidan gilashin nan ina ganin babu abin da wata tsohuwa za ta koya mini a kan ruwa da ƙasa.

Aikin farko da ta ba ni ba ban ruwa ba ne. Wata siririyar sanda ta miƙo mini, an kafa mata guntun katako a kai, irin wanda ake naɗe zaren ɗinki a jikinsa. Ta ce in bi layin tukwane ina ƙwanƙwasa kowace a gefe, ina saurare. Tukwanen na yumɓu ne. Wadda ƙasarta ta bushe sai ta yi ƙara sama-sama kamar ƙararrawa, wadda ke da ruwa sai ta amsa a daƙile. Na tuna yadda uwata ke ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa don ta ji ko ta tsage, na yi mamakin ganin dabarar nan ta biyo ni har Amirka. Kwana shida ina ƙwanƙwasa tukwane ba a bar ni na taɓa buta ba.

A rana ta bakwai na nuna hali. Misis Greta ta tafi banki, rana ta bugi gilashi, na ga layi guda na furen sanyi ya yi laushi, ganyen ya kwanta a bakin tukwane. A fadama in shuka ta yi haka, ruwa take roƙo. Ban ƙwanƙwasa ko ɗaya ba. Na ɗauki babbar buta na yi musu wanka daga sama, har ina yabon kaina. Bayan mako guda layin ya fara zubewa. Ta zare ɗaya daga tukunya, ta matsa gindinsa da babban yatsa ya fashe, ta kawo mini daidai hanci. Warin ruɓaɓɓiyar albasa ne a ƙasan buhu. Ba ta kore ni ba. Ta ce furen nan yakan yi laushi don ƙishi, yakan yi don ruwa ya yi masa yawa, yakan yi don zafi, kuma duka ukun fuska ɗaya yake nunawa. Ganye ba zai gaya maka wanne ne ba, tukunya za ka tambaya.

Daga nan na fara kallonsa da idon mai son sani, kuma fure ne da ba a gajiya da kallonsa. Ganyensa yana da zane fari-fari kamar na ƙwarya, da wuya ka sami tukunya biyu masu zane iri ɗaya. Furen a sunkuye yake fitowa kamar mai gaida suruki, sannan fukafukansa su juye su miƙe sama kamar ɗaurin ɗankwali ranar biki. A ƙasa yana da wani abu mai kama da dankali, amma shafaffe kamar waina, rabinsa cikin ƙasa rabi a waje. Daga tsakiyar bayan dankalin nan ganye da fure ke fitowa, nan ne ransa, kuma nan ne ba a so ruwa ya kwanta. Na taɓa tambaya ko ana cin dankalin, ta ce in ina marmarin kwanciya asibiti in gwada, ko kyanwa ba a bari ta ci.

Ban ruwansa a gida ta ƙasa ake yi. Ka zuba ruwa a faranti, ka ɗora tukunyar, ka bar ta gwargwadon lokacin shan kofin shayi, sannan ka zubar da abin da ya rage. Ba a sa masa almakashi. In fure ya tsufa ko ganye ya yi rawaya, sai ka bi karansa da yatsa biyu har gindi, ka murɗa ka fizge da sauri. In ka yanke, guntun da ya rage zai ruɓe, ya kai ruɓar cikin dankalin. Akwai kuma aikin da muke kira buɗe kai, ka tura ganyen tsakiya zuwa gefe a hankali don haske ya kai ga ƙananan furannin da ke ɓoye a ƙasa. Tukunya dubu, ɗaya bayan ɗaya, a sunkuye. Wanda ya ce sana'ar nan ba wuya ya tambayi ƙuguna.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne barcinsa. In zafi ya shigo wajen watan Mayu sai ya zubar da ganye duka, ka ga tukunya ba komai sai dankali a bushe. Mutane sukan jefar a shara, alhali da ransa. Mu kuwa mukan kwantar da tukwanen a gefe ƙarƙashin benci, a inuwa, har wajen Satumba, sannan a sake masa ƙasa a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in sabon ganye ya leƙo. Misis Greta ta ce asalinsa daga duwatsun ƙasar Sham ne, inda ruwa ke zuwa da sanyi. Wato duk abin da fadama ta koya mini, sai da na kifar da shi.

Litinin da Alhamis nake cika mota da tukwane, kowace an sa mata rigar takarda saboda iska, in nufi manyan ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest. Sakatarori suna son furen nan, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da ba abin kallo a waje. Sai dai kowace in ta karɓa, kan ƙarfen hitan ɗumama ɗaki da ke ƙarƙashin taga take ɗorawa, da takardar ƙyalƙyali naɗe da tukunyar tana riƙe ruwa. Mako biyu ya yi yawa, ka tarar da shi a kwandon shara. Ɗan manomi ba ya iya wuce shuka mai sauran rai, don haka na fara tsince su ina kaiwa ɗakina.

Ɗakin ƙasa nake haya a wani gida kusa da wurin aiki. Yana da 'yar taga daidai da ƙasar waje, tana kallon gabas. Hitan ɗakin ya lalace tun kafin in shiga, mai gidan kullum gobe zai gyara. Da bargo biyu da hula nake kwana. Abin mamaki, furen da na tsinto a kwance, kwana huɗu sai ya miƙe, mako uku sai ya fito da sababbin furanni. Na so in san dalili. Na zaci ruwan famfon gidan ne, sai na ɗebo na wurin aiki na gwada, ba bambanci. Na zaci hasken tagar ne kawai, sai na kai ɗaya wata taga mai haske a ɗakin shan shayinmu na wurin aiki mai ɗumi, ya sake kwanciya. A ƙarshe na aro ma'aunin zafi na rataya a ɗakina. Ya tsaya wajen hamsin da biyar a ma'aunin Amirka. Da na gaya wa Misis Greta ta yi dariya har da tari, ta ce rowar mai gidana ita ce likitan, furen nan abin da yake so ke nan, wurin da mutum zai nemi rigar sanyi.

Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake: na sani. Tun shekarata ta biyu na san sanyi ne.

Ku da aka haifa a nan ba ku san yadda iyayenku ke tsoron sanyi a shekarun nan ba. Gidan mutumin Najeriya a watan Janairu, in ka shiga sai ka tuɓe babbar riga. Hita a ƙure, tagogi a toshe da tsumma, maigida yana zaune da singileti. Wata rana na je gaida wani likita ɗan garinmu, na ga matarsa Hajiya Binta za ta jefar da nata furen, na ce ta ba ni. Bayan mako uku na mayar mata da shi a miƙe, fari tas. A wurin wani suna ta ɗaga murya cikin mata ta ce Malam Sale yana da hannu, abin da ya mutu in ya taɓa sai ya tashi. Kun san a gida ana faɗin haka, wane yana da hannun shuka, wance tana da hannun kiwo. Maganar ta bi gidaje, na Musulmi da na Kirista, aka fara kawo mini tukwane.

Da na ce musu ku rage hita ku daina zuba ruwa a kansa, da magana ta ƙare. Ban ce ba. A taron da ake da likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, ni ɗan firamare aka fara jawo wa kujera a gaba. In an tambaye ni sirrin sai in yi murmushi in ce daga Allah ne. Gaskiya ce, amma mayafi na yi da ita. Har na ƙara da shafa ganyen a gabansu ina lumshe ido, na kuma hana kowa shiga ɗakina da cewa ya yi ƙanƙanta. Ko sisi ban karɓa ba, girma nake karɓa, kuma shi ya fi wuyar mayarwa. In na mayar da fure gidan mai shi, zafi ya sake kwantar da shi, a sake kawo mini, sunana ya ƙara tashi.

Cikin masu kawowa har da Sista Rifkatu, 'yar Filato, nas ce a sashen tsofaffi na wani asibiti, tana zaune a garin Upper Marlboro da mijinta da 'ya'yanta biyu. Kowane Disamba takan sayi ja ɗaya don teburin Kirsimeti. Ban taɓa ganin mai kula da fure kamarta ba, kuma kulawar ce ke kashe shi. A kan talabijin take ajiye shi, daidai inda iskar hita ke fitowa, don kada ya ji sanyi. Kowace safiya kafin ta fita aiki sai ta tsiyaya masa kofi guda a tsakiyar kai, kamar mai ba majinyaci magani a kan lokaci. Da idona na gani ranar da na kai mata. A shekara ta uku ta rako ni bakin ƙofa ta ce, "Malam Sale, tsakaninka da Allah, me nake yi ba daidai ba?"

Na ce, "Kowa da irin hannunsa, Sista."

Ta dubi tafin hannunta ta yi 'yar dariya. Na shiga mota na tafi, ina ganin na yi magana mai hikima.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekararmu. Kaka ta ƙi yin sanyi, Oktoba ya yi zafi kamar Agusta, mu kuwa mun riga mun wanke farar ƙasar da muke shafa wa gilashi don rage rana. Fumfuna mai launin toka ta shiga tsakiyar furannin. Da safe ka buɗe kan tukunya ka tarar da ita kamar auduga mai datti. Mun raba tukwane nesa da juna, mun buɗe kowace kafa ta iska, mun tsince ganye har yatsu suka yi kanta, duk da haka baro-baro muka riƙa kaiwa juji. Misis Greta ta sallami ma'aikata biyu, ta kuma kafa doka: daga ranar ba shukar waje da za ta sake shiga gidan gilashinta, ko ta wane ne.

Sai Janairu ya zo da sanyin da ya rama na baya. Bututun ruwan gidan da nake haya suka fashe, dole mai gidan ya sake kayan ɗumama gidan gaba ɗaya. Aka sa mini sabon hita, makunninsa yana sama a cikin akwati mai kwaɗo. Karon farko na kwana ba hula. A lokacin akwai tukwane goma sha ɗaya na mutane a ɗakin, har da na Sista da ta kawo mako guda kafin nan. Na buɗe taga, iskar ƙanƙara ta ƙone na kusa da ita, mai gidan kuma ya sauko yana faɗa ba titi yake ɗumamawa ba. Wurin aiki kuwa an hana kai su. Cikin kwana biyar duka goma sha ɗayan suka kwanta, ganye ya yi rawaya.

Asabar ta farko a Fabrairu, da la'asar, Sista ta zo karɓar nata ba sanarwa, da kayan aiki a ƙarƙashin kwat. Ba yadda zan tsayar da mace a waje cikin sanyin nan, sai na bar ta ta sauko. Ta tsaya tana kallon tukwanen ɗaya bayan ɗaya. Na shirya jin faɗa, sai ta zauna a kan kujerata ɗaya tilo ta fara ba ni labarin abin da ban sani ba. Mura mai tsanani ta shiga sashensu a sanyin nan. Tsofaffin da ta shekara tana yi wa wanka tana ba su abinci a baki, biyar sun tafi cikin 'yan makonni, kuma kusan duka a lokacin aikinta. Wata abokiyar aikinta ta yi wasa ta ce kowa ya yi addu'a kada Rifkatu ta gyara masa gado. Wasa ne, amma ya sami wurin zama, don ni na riga na share masa wuri.

Ta ce, "Na yi karatu, Malam Sale, na san abin da littafi ya ce. Amma dubi nan. Kafin in kawo nawa, ka taɓa rasa ko ɗaya?"

Na ce ban taɓa ba.

"To ka gani. Har naka hannun ya kasa."

Ta ciro ambulan daga jaka ta nuna mini. Takardar barin aiki ce, ƙarshen wata za ta miƙa, ko mijinta bai sani ba. Ta ce za ta nemi aiki a kanti, ta riƙa jera kwalaye, tunda kwali ba ya mutuwa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe baki ne da niyyar in ce Allah ya kyauta. Hanya ta samu da zan fita da girmana, ta ɗauke mini laifin tukwane goma sha ɗaya da kanta. Allah ya taimake ni bakin ya ƙi. Na ce ta taɓa ƙarfen hitan. Ta taɓa ta janye da sauri. Na ciro ma'aunin zafin daga ƙusa na nuna mata, ya kusa tamanin.

Na ce, "Sista, ba ni da hannu. Sanyi nake da shi, shi ma an ƙwace."

Na gaya mata komai, lalataccen hita, bargo biyu, dariyar Misis Greta, talabijin ɗinta da kofin ruwanta na safe. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta tambaye ni tun yaushe na sani, na ce tun kafin ta sayi na farko. Ta tambaya ko na ga inda take ajiyewa, na ce na gani.

Ta ce, "Na haɗa ka da Allah a bakin ƙofata."

Ta ce majinyata sun sha gaya mata magana mai ciwo, amma su zazzaɓi ne uzurinsu. Sannan ta faɗi abin da ban yi tsammani ba. Ta ce ta ina za ta san ba yanzu nake ƙaryar ba, don na ga takarda na ji tausayinta? Mutumin da ya iya shekara uku yana ɓoye gaskiya, ai zai iya ƙirƙiro wata cikin minti biyar. A nan na gane maƙaryaci ko ya tuba, sai ya nemo wa gaskiyarsa shaida.

Ita ta yanke yadda za a yi. Za ta tafi da tukunyarta. In faɗa mata abin da za ta yi sau ɗaya, kuma daga nan kada in taɓa furen, kada in taka gidanta, har ƙarshen wata. In ya tashi a hannunta ita kaɗai, ta ji. In ya mutu, takarda za ta tafi inda aka rubuta ta don ta je. Ba ta da wata takarda a jaka, sai ta juya ambulan ɗin ta rubuta a bayansa. Na sa ta danna dankalin da yatsanta, ta ce da tauri. Na sa ta murɗe ganyen da ya yi rawaya da kanta, na farko ya katse a tsakiya, na biyu ya fita daidai. Na tambayi ɗakin da ya fi sanyi a gidanta, ta ce ɗakin wanki, yana da taga ta gabas, ba mai son zama cikinsa. Na ce nan ne, amma kada ganye ya taɓa gilashi. Na nuna mata ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, da ruwan faranti. Na ba ta ma'aunin zafin ta tafi da shi.

Sauran tukwane goma na mayar wa masu su, kowa da bayaninsa, gida-gida. Hajiya Binta ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe firji suke ta kai wa gaisuwa. Daga ranar sunana ya koma Malam Firji, har yau akwai tsofaffin da ba su san wani suna ba. A taro na gaba ba wanda ya jawo mini kujera, na koma baya inda na fito.

Da na kai wa Misis Greta labarin, ba ta yi dariya ba wannan karon. Na tambaye ta ko furen zai tashi. Ta ce rabi da rabi, don wanda ya sha ruwa a ka sannan ya sha zafi, wani lokaci ruɓa ta riga ta fara a ciki inda yatsa ba ya ji. Wato yana iya mutuwa ko da Sista ta yi komai daidai, kuma in ya mutu ba wanda zai sake fahimtar da ita. Ta ce wanda ya sayar da fitila bai faɗi tana shan mai ba, duhu ya sayar. Ta zaunar da ni na rubuta ƙananan katuna, Turanci a gaba, Hausa a baya, aka riƙa soka ɗaya a kowace tukunya. Sau biyu na karkata motar aiki ta layin su Sista, amma ɗakin wankin a baya yake, ba a hango tagar daga titi.

Lahadin ƙarshe ta watan, bayan sun taso daga coci, mijinta ya bugo waya gidan da nake haya ya ce ana nemana. Na isa, muka gaisa, Sista ta wuce gaba na bi ta har ƙofar ɗakin wanki, na tsaya na goya hannuwana a baya. Ambulan ɗin yana manne a bango da rubutunta, ma'aunin zafi na rataye kusa da shi. Tukunyar tana kan taga. Ganyen bai fi rabin na da ba, amma a tsaye yake, a ƙarƙashinsa kuma ƙananan furanni sun taso a sunkuye kamar ƙugiyoyi, biyu sun riga sun buɗe, jajaye.

Ta ƙwanƙwasa tukunyar da gaɓar yatsa ta ce, "Wannan fa, Malam Firji, ƙishi ko ƙoshi?"

Na ce ƙishi.

"Na sani. Gwada ka nake."

Ta ɗaga tukunyar da farantin don ta zuba ruwa, sai na ga abin da ke shimfiɗe a ƙasa. Takardar barin aikin ce, an ninka ta huɗu, duk ta yi zobe-zoben danshi, tawadar ta narke. Ta ga ina kallo, ta ce katakon tagar ne ba ta so ya ɓaci. Akwai wani ganye ɗaya da ya fara rawaya a gefe, sabo ya sa na miƙa yatsa.

Ta ce, "Janye hannunka. Ba a bukatarsa."

Na janye. Ta bi karan har gindi, ta murɗa ta fizge, ya fita tsaf.

Sista ta ci gaba da aikinta a sashen tsofaffi har ta yi ritaya. Dankalin nan ya yi barci ya tashi a hannunta shekaru da yawa, har ya kai faɗin farantin shayi, ban taɓa shi ko sau ɗaya ba. Sandar ƙwanƙwasa kuwa tana wurina, Misis Greta ta bar mini ita da ta rufe gidan gilashin. Wanda ya ce aikin zuba ruwa ne, ya zo gidana ranar Asabar da rigar sanyinsa. Zan jera masa tukunya goma, ya gaya mini wacce ke jin ƙishi. Abin da na sani kuma, duka zan faɗa masa tun a bakin ƙofa, kafin ya tambaya.